Garambawul ɗin injin Cessna 172: inda ake rage kuɗi da inda ba a taɓawa

Wa alaikumus salam, Kyaftin. Na karanta tambayarka. Ku uku kuka haɗa kuɗi kuka sayi Cessna 172 mai injin Lycoming O-320, yana ajiye a nan Kaduna, injin ya ci awa 1,800 da ɗoriya tun garambawul ɗin ƙarshe, shekara 13 ke nan, kuma farashin sabon garambawul da aka turo muku daga waje ya tayar muku da hankali da kuka juya shi zuwa naira. Kana neman hanyar sauƙi. Akwai ta, kuma zan faɗa maka abin da na gani a shekarun da na yi ina kwance waɗannan injuna ina ɗaurewa.

Kafin a yi maganar farashi, a fara jin ta bakin injin. Kamfanin Lycoming ya yanka wa O-320 awa 2,000 ko shekara 12, duk wanda ya riga cika, yana nan a takardarsu SI 1009. Ka ga ta ɓangaren shekaru kun riga kun haura. A Amurka, wanda ke tashi da jirginsa don kansa, ba haya ba, doka ba ta tilasta masa sauke inji don wa'adi ya cika, muddin injin na cin gwaji. Kada ka ɗauko wannan ka shimfiɗa shi a nan. Abin da ya ɗaure ku shi ne tsarin kula da jirgin da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta sa wa hannu, kuma in kuna haya da shi ko koyar da ɗalibai, lamarin ya fi tsauri. Ku nemi amsarsu a rubuce tun yanzu, domin ita za ta nuna muku ƙofar da ke buɗe.

Gwajin ba shi da tsada. A auna matsin kowace silinda da iska mai ƙarfin 80 a ma'aunin matsi na psi, injin na da zafi; wadda ta gaza 60 a saurara a ji ta ina iskar ke fita: ta salansa, bawul ɗin hayaƙi ne; ta bakin zuba mai, ringi ne. A zura ƙaramar kyamara ta ramin fulogi a kalli fuskar bawul da bangon silinda. A yanka filtar mai a baje takardar a rana, a bi ta da maganaɗisu. A aika samfurin baƙin mai ɗakin gwaji. Sannan ku lissafa man da yake sha: iyakar da Lycoming ya yarda da ita ga inji irin naku kusan rabin lita ce a awa.

Abin da ya fi damuna a injinku shi ne kamshaf, sandar da ke buɗe bawul. A Lycoming yana sama da karanshaf ne, wato babbar sandar da fistin ke juyawa, saboda haka in jirgi ya kwana biyu bai tashi ba, mai ya tsiyaye ƙasa ya bar shi tsirara. Ka haɗa wannan da laimar damina a Kaduna, da makonnin da jirgi kan yi a hanga, wato rumfar ajiye jirgi, don ba a samu man da yake sha, 100LL, ba, sai tsatsa ta kama. Tsatsa ta zama ƙananan ramuka, ramukan su fara cin ƙarfe, garin ƙarfen ya bi mai ya shiga ko'ina. Gwajin matsi ba ya nuna wannan ko kaɗan. Sai an cire silinda an haska fitila an leƙa. Kuɗin cire silinda ɗaya ko biyu shi ne kuɗi mafi amfani da za ku kashe a wannan aiki gaba ɗaya.

In kamshaf ya fita lafiya, filta kuma tsaf, za a ba ku shawarar gyaran sama kawai, wato silindoji da fistin da ringi. Ga injin da ke tsakiyar rayuwarsa, awa 900 ko 1,000, shawara ce mai kyau. Ga naku ban so ta ba. Gyaran sama ba ya mayar da lissafin awa baya, nan da awa 200 kun sake tsayawa inda kuke yau, kun biya ladan aiki sau biyu.

Daga masana'antar Lycoming da ke Williamsport a jihar Pennsylvania abu uku ake samu: sabon inji dal, wanda suka sake ginawa da sabon littafi daga awa sifili, da wanda suka yi wa garambawul yana ɗauke da tsohon lissafinsa. Masana'anta ko wakilin da ta amince da shi ne kaɗai ke iya mayar da inji sifili, duk wani gareji da ya yi maka wannan alkawari ka tashi daga wurinsa. Yawanci musanya ake yi, su ba ka nasu ka mayar musu da naka, kuma sukan riƙe kuɗin ajiya mai kauri sai tsohon ya isa sun duba shi. Mu da ke nesa, wannan ajiyar da jigilar zuwa da dawowa su ne ke karya mutum. In kuna da niyyar sayar da jirgin nan kusa, sabon littafi yana ɗaga masa daraja. In riƙe shi za ku yi, ba lallai ba ne.

Inda ake samun rangwame na gaske shi ne garejin injuna mai lasisi wanda zai yi aiki a kan naku injin. Sirrin kuwa manyan sassa biyu ne, karanshaf da gangar jikin injin, su suka fi komai tsada. Karanshaf da ba shi da tsaga ana wasa shi a rage masa kauri, 0.003 ko 0.006 ko 0.010 na inci, a sake ƙarfafa fatarsa, a sa masa metal, wato shimfiɗar da yake juyawa a kai, daidai da sabon awon. Gangar jiki mai ƙaramar tsaga a inda aka yarda ana yi mata walda a daidaita ta. Wannan halal ne a littafi, kuma ba ya rage lafiyar inji.

Amma ka buɗe ido a nan, domin a nan ake cutar mutane. Littafin garambawul yana da awo iri biyu: awon sabon kaya, da awon iyakar aiki, wato ƙarfen ya ci amma bai kai a jefar ba. Duk wanda aka bi, doka ta yarda a rubuta an yi garambawul. Gareji biyu za su turo farashi, ɗaya ya fi araha nesa, ashe shi zai mayar maka da sassan da suka kusa ƙarewa ne, su wuce gwaji yau su gaza bayan awa ɗari uku. Ka sa a rubuta a yarjejeniya cewa awon sabon kaya za a bi, kuma duk abin da ke cikin SB 240, jerin sassan da Lycoming ya ce dole a canza, an canza shi. A kuma rubuta nawa za a ƙara in karanshaf ko gangar jiki suka faɗi gwaji, don kada injinka na kwance a teburinsu su yanka maka abin da suka ga dama. Tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023 kowa ya san yadda farashin dala ke motsi, don haka ka nemi wa'adin gama aiki shi ma a rubuce.

Silinda kam ku sayi sababbi. Kanta alminiyam ne, yana gajiya da zafi da sanyi, kuma wadda aka gyara aka ba ka a musanya babu mai iya rantse maka awa nawa ta yi a duniya. Ba dole sai ta Lycoming ba. Akwai masu lasisin PMA, wato izinin ƙera kayan gyara daga hukumar jiragen saman Amurka, FAA, irin Millennium na kamfanin Superior, suna da sauƙin kuɗi kuma halattattu ne. Sai dai a bi lambar kowace a tabbatar babu umarnin AD, wato umarnin dole na hukuma kan lafiyar jirgi, a kanta, don an taɓa fitar da irinsa a kan wasu silindojin kamfanin ECi. Kamshaf da mabiyansa, wato ƙarafan da yake turawa su buɗe bawul, su ma ni sababbi nake sawa, musamman ga jirgin da na san zai riƙa zama.

Injin hannu kuwa, wanda aka ciro daga wani jirgi yana da sauran awa, shi ne ya fi jan hankali kuma shi ne ya fi sa ni fargaba. Na taɓa karɓar ɗaya da littafinsa ya nuna awa 600 kacal, fenti na ƙyalli, ashe ya shekara da shekaru a ajiye ba a yi masa maganin tsatsa ba. Da muka cire silinda, kamshaf ya zama kamar an yayyafa masa gishiri. Mai jirgin ya biya kuɗin inji, ya dawo ya biya na garambawul. In za ku bi wannan hanya, ku tambayi dalilin ciro shi. In farfela ta taɓa dukan ƙasa, akwai binciken dole da AD 2004-10-14 ya wajabta. Ku ga littafi cikakke daga farko, da takardar shaidar lafiyar kaya, FAA 8130-3 ta Amurka ko EASA Form 1 ta Turai. Kayan da ba su da takarda, ko kyauta aka ba ku, injiniyan kirki ba zai sa hannu a kansu ba.

Saukewa da ɗaurawa ku yi su a gida. Kaduna, garin da aka harhaɗa jiragen Air Beetle masu injin Lycoming ga sojan sama, ba zai rasa hannu ba, ga kuma Zariya, inda kwalejin jiragen sama take tun 1964 kuma ta daɗe tana koyarwa da jirgin Tampico mai irin injinku. Buɗe cikin inji ne ke buƙatar kamfanin da lasisinsa ya ƙunshi wannan aiki da na'urorin gano tsaga. Ku nemi farashi daga Afirka ta Kudu ma, ba Amurka kaɗai ba, amma ku tabbatar NCAA za ta karɓi takardar garejin kafin akwati ya bar Kaduna. Kuma ku ware kuɗin abubuwan da farashin farko ba ya ambata: tiyoyin mai, robobin zaman inji, maganeto mai ba fulogi wuta, kafireta, da na'urar sanyaya mai, wadda in ba a wanke ta sosai ko an canza ba za ta mayar da tsohon garin ƙarfe cikin sabon aiki.

In ya dawo, awa 50 na farko da man ma'adinai zalla, a riƙa tashi da ƙarfi kashi 65 zuwa 75 har shan mai ya daidaita, kuma kada a bar shi yana ruri a ƙasa cikin zafin bazara. Bayan nan ku uku ku raba kwanaki ya riƙa tashi awa guda ko fiye kowane mako. Tayar da shi minti goma a bakin hanga ruwa kawai yake tarawa a cikin mai. A canza mai duk awa 50 ko wata 4, filtar iska kuma a riƙa duba ta akai-akai da hunturu.

Turo min sakamakon matsin silindojin huɗu, hoton takardar filta, da cikakkiyar lambar injin har haruffan ƙarshe. In samfurin O-320-H2AD ne, akwai ƙarin magana a kan kamshaf ɗinsa da ya kamata mu yi kafin ku tura wa kowa ko sisi. Ka gaishe min da abokan tafiyar taka.