Amsa ga mai lambun albasar da farin gishiri ya rufe wa fangula

Assalamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka tun jiya da la'asar, na bari sai na zauna tukuna don kada in ba ka amsar tsaye. Ka ce lambunka yana wajen Bol, a bakin Tafkin Chadi, shekara huɗu kana ba shi ruwan burtsatse, bana farin abu kamar garin rogo ya fito a bakin fangula, ganyen albasa na ƙonewa daga tsini, ka zuba takin zamani har sau biyu abin sai ƙara gaba yake yi. Wani ya ce ka watsa toka, wani ya ce farar ƙasa, kai kuma zuciyarka ta fara raya maka ka sayar da wurin.

Da farko dai ka dakata da takin nan, kuma toka da farar ƙasa kada ko ɗaya ta taɓa lambun. Takin zamani shi kansa gishiri ne, musamman NPK, don haka ƙara shi a ƙasar da gishiri ya riga ya kama ƙara wa saiwa wahala ne. Ni ma haka aka sa ni na yi shekarun baya. Wani ma'aikacin gona ya tsaya a bakin lambuna, ko sunkuyawa bai yi ya taɓa ƙasar ba, ya ce yunwa ce ke damun albasar. Na ci bashi na sayi buhu biyu. Cikin kwana goma fangulan da ke da ɗan sauran rai suka bi 'yan'uwansu. Har yau in na tuna ranar da na tsuguna na tuge albasa ɗaya, na ga saiwarta gajeriya, ta yi ja kamar an babbaka ta, alhali ƙasar jiƙe take sharkaf, sai raina ya ɓaci. Shukar tana tsaye cikin ruwa amma ƙishi ke kashe ta, domin gishirin da ke cikin ƙasa yana riƙe ruwan, saiwa ba ta da ƙarfin da za ta ƙwace shi.

Wurin da kake ba baƙon wannan cuta ba ne. A Bol ruwan sama na shekara wajen milimita 300 ne, rana da iska kuwa suna shanye sama da milimita 2,000. Duk ruwan da ka zuba ya bushe a sama, gishirin da ya zo da shi nan yake zama. Kogin Shari ne ke kawo wa Tafkin Chadi mafi yawan ruwansa, tafkin ba shi da mafita zuwa teku, amma ruwansa na sha ne, saboda gishirin yana silalewa ta ƙarƙashin rairayi zuwa kwarurrukan Kanem. Can ne rana ke dafa shi ya zama kanwar da ake haƙa a wajen Liwa, ungurnun da iyayenmu ke saye a kasuwa. To, ruwan ƙarƙashin ƙasar da burtsatsenka ke ja, daga wannan gidan ya fito. Shi ya sa za ka ga rijiya biyu, tsakaninsu bai fi jifa ba, ɗaya garɗi ɗaya zartsi.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, cutar iri biyu ce, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai ƙasar da gishiri ya yi wa yawa, amma jikinta lafiya lau, tana shan ruwa. Akwai kuma wadda kanwa ta kama, wato sinadarin sodiyam ya maƙale a jikin lakarta. Ita wannan in ta jiƙe sai ta yi santsi kamar sabulu, ruwa ya kwana a kanta bai nutse ba, in ta bushe kuma fartanya ta riƙa tsalle a kanta. Wani lokaci za ka ga baƙin tabo a sama kamar an zubar da baƙin mai, wannan ruɓaɓɓen takin cikin ƙasar ne kanwa ta narkar. Fulanin Marwa ta Kamaru suna ce wa irin wannan busasshen fili harde, kuma da yawa daga cikin harden nasu wannan ce cutarsu.

Gane wadda ta same ka ba ya bukatar kuɗi. Ka samo kofin gilashi, ka zuba ruwan sama ko ruwan gora na sha, ka ɗauko ɗan busasshen curin ƙasa kamar girman ƙwayar gyaɗa daga zurfin taƙi ɗaya, ka sa shi a hankali, kada ka motsa. Bayan awa biyu ka duba. In ya farfashe ya kwanta a gindi ruwan na nan garau, gishiri ne kawai, ka gode wa Allah. In kuwa wani hazo fari-fari ya kewaye shi kamar an ɗiga madara, kanwa ta shiga. Ka yi haka a wuri uku ko huɗu, har da inda albasar ke da lafiya, don ka ga bambancin da idonka.

Gwaji na biyu shi ne ramin da kowa ke ƙyashin haƙawa. Ka haƙa rami a tsakiyar lambun har tsayin mutum, ka bar shi ya kwana. In da safe ka tarar da ruwa ya taru a zurfin da bai kai mita ɗaya da rabi ba, to gishirin naka ba daga burtsatse kaɗai yake zuwa ba, daga ƙasa yake hawowa kamar yadda kananzir ke bin lagwani. A irin wannan hali ko ruwan Shari ka juyo wa lambun, wanke shi ba zai ɗore ba sai ka yi wa ruwan hanyar fita, wato lambatu mai zurfi da zai kai shi wani kwari nesa da shuka. Na ga mutane da yawa sun tsallake wannan mataki, suka yi ta ƙona man inji a banza.

Na uku, ruwan kansa. Akwai 'yar na'urar awon gishiri mai kamar alƙalami, ana tsoma bakinta cikin ruwa ta nuna lamba. Ku haɗa kuɗi ku biyar ko goma ku sayi ɗaya, ta ishi unguwa guda. Ma'aunin da masana ke aiki da shi ana rubuta shi dS/m, in taku tana nuna µS/cm to 1,000 shi ne 1. Littafin ingancin ruwan ban-ruwa da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 1985 ya ce ruwan da bai kai 0.7 ba babu damuwa, daga 0.7 zuwa 3 sai da dabara, abin da ya haura 3 kuwa matsala ce babba. Albasa tana cikin mafi raki a duk kayan lambu. Ruwa na wuce 0.8 take fara ragewa, in ya kai 2.9 rabin amfanin ya tafi. Tumatir yana jurewa har 1.7 kafin ya fara ragewa, masara 1.1, alkama 4, dawa 4.5, sha'ir ya ɗan haura 5. Ka auna da sanyi, ka sake aunawa a watan Afrilu ko Mayu, domin ruwan rijiya yakan ƙara zartsi in rani ya yi nisa.

Bari in yi maka lissafin da ya buɗe mini ido. Ruwan da ya nuna 1 yana ɗauke da kusan miligiram 640 na gishiri a kowace lita. Hekta ɗaya ta albasa takan sha wajen kubik mita 5,000 kafin a cire. In ruwanka 2 yake nunawa, ka zuba wa hektar nan gishiri sama da tan 6 a noman rani ɗaya, wato ya fi buhu 120 masu kilo 50. Ka ninka sau huɗu, shekarun da ka yi. Farin da kake gani a bakin fangula ke nan.

In gishiri ne kawai kuma ruwan ƙasa yana da zurfi, aikin wanki ne. Ka kankare farin ɓawon da ke sama ka kwashe shi waje, kada ka juya shi cikin ƙasa. Ka daidaita fangulan sosai, domin duk inda ya yi tudu nan gishiri ke taruwa. Ka ɗaga bakinsu, ka cika su da ruwa mafi garɗi da za ka iya samu, ka bari ya nutse, bayan kwana biyu ko uku ka sake. Ba da ruwan kashi-kashi ya fi wanki a kan tara shi lokaci guda. Abin da aka saba ƙiyastawa shi ne, ruwa mai tsayin santimita 30 yana sauke kusan kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na gishirin da ke santimita 30 na saman ƙasa. Ka yi wannan da sanyi ko da damina, ba a tsakiyar bazara ba da rana za ta shanye rabi. Kuma damina in ta zo kada ɗigo ɗaya ya gudu daga lambun, ruwan sama ne kaɗai ruwan da ba ya kawo maka gishiri. Kanembu, mutanen Kanem, sun san wannan tun kafin a kafa SODELAC, hukumar raya yankin tafkin, a 1967. Folda ta gargajiya, wato ɓangaren tafki da aka datse da yashi ya bushe don noma, in ta yi shekaru ana nomanta ta gaji, sai su fasa madatsar yashin su bar tafki ya shiga ya kwanta a kanta, sannan su sake datsewa.

In kanwa ce, ruwa kaɗai ba zai yi ba, don ba zai ma shiga ba. Sai ka ba ƙasar sinadarin kalsiyam da zai ture sodiyam ɗin daga jikin laka, sannan ruwa ya tafi da shi. Abin da ke yin wannan aiki shi ne jifsum, dutsen nan da ake sarrafawa a yi farin garin silin na gidaje. Farar ƙasa ma tana da kalsiyam, amma ba ta narkewa a ƙasa mai kanwa, toka kuwa 'yar'uwar kanwa ce, duk macen da ta taɓa tace ruwan toka don miya ta san haka. Yawan jifsum ɗin da ake bukata tan-tan ne a hekta, kuma awon ƙasa ne ke faɗin adadinsa, don haka kada ka saya da ka. Ka gwada a fangali biyu, ka bar biyu a gefensu ba ka sa ba. Ka haɗa da ruɓaɓɓen takin shanu, ɓuntun shinkafa in kana samu, da tattakar kara, a juya su cikin ƙasa, su ne ke buɗe mata ƙofofin shan ruwa. Kashin kaji ɗanye ka bar shi tukuna, gishirinsa da yawa. Wannan gyara ba na wata ɗaya ba ne. Nawa lambun sai a shekara ta uku na ga ruwa ya nutse a fangalin da da yake kwana biyu a tsaye, na tsuguna na sa yatsa ya shige ba tare da na danna ba.

Kafin ƙasar ta dawo, ka canja abin da kake shukawa. Bana ka sa alkama da sanyi, ko dawa da damina, albasa ka kai ta ɓangaren da ya fi lafiya. Renon iri kuwa, ko da jarka za ka ɗebo ruwa mai daɗi ka yi, domin shuka ta fi rauni tana ƙarama. In a kan kunya kake dasawa, kada ka dasa a ƙoƙuwarta, can gishiri ke taruwa in ruwa ya zo ta gefe biyu. Ka dasa a kafaɗa, kusa da inda ruwa ke tsayawa. Ka rufe ƙasa da ciyawa ko ƙaiƙayi, ka riƙa ba da ruwa akai-akai kada ta bushe ƙayau tsakanin ban-ruwa, kuma duk bayan 'yan makonni ka ba da ruwa mai yawa sau ɗaya don ya tura abin da ya taru ƙasa da saiwa.

Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ilimin nan ba sabo ba ne, kuma wani ɓangarensa a kan ƙasarmu aka samo shi. Masanan Faransa na cibiyar bincike ta ORSTOM sun yi shekaru suna auna gishirin foldodin Bol, ɗaya daga cikinsu, Claude Cheverry, ya rubuta kundin digirinsa na dakta a kan haka a 1974. Indiya ta buɗe cibiya sukutum a Karnal tun 1969 ba ta da aiki sai ƙasa mai gishiri da kanwa, har ta fitar da irin shinkafa da alkama masu jurewa, kuma da jifsum manomansu suka farfaɗo da filayen da aka yanke wa ƙauna. A Dubai akwai wata tun 1999 da ke binciken noma da ruwan zartsi. Mu kuwa namu yana kwance cikin Faransanci a kan kanta, manomin da abin ya shafa ba wanda ya karanta masa da Kanembu ko Larabci ko Hausa. Ni sai da na yi asara kafin wani tsohon ma'aikaci, Allah ya saka masa, ya zauna da ni a inuwar dabino ya zana mini wannan duka da tsinke a ƙasa.

Shi ya sa nake cewa kada ka tsaya jiran a zo maka. Ka ɗebi ƙasa daga wuri biyar, ta sama daban, ta zurfin kamu ɗaya daban, ka shanya a inuwa, ka zuba a leda mai tsabta ka rubuta inda kowace ta fito. Ka cika gorar ruwa daga burtsatse bayan inji ya yi minti goma sha biyar yana aiki. Ka kai wa malaman gona na yankinku, ka roƙi su haɗa ka da mutanen ITRAD, cibiyar binciken noma ta ƙasa, ka ce kana son awon gishiri da na kanwa duka biyu. In kun je ku goma da ledojinku, za a fi saurarenku a kan mutum ɗaya.

Maganar sayarwa ka ajiye ta sai ka ga sakamakon kofi da rami da lambar ruwa. In ruwan ya haura 3, ramin kuma ya kawo ruwa kusa, ba ka da inda za ka sauke lambatu, to gaskiya albasa ta gama zama a wurin, sai dai dabino ko ciyawar dabbobi, kuma in za ka sayar ka gaya wa mai saye abin da ke ciki. In ba haka ba, wurinka mai gyaruwa ne. Ka yi gwaje-gwajen nan uku cikin makon nan, ka turo mana abin da ka gani da hoton kofin, in Allah ya yarda zan duba mu san ta inda za ka fara.