Takardar nutso a teku ba ta isa shiga kogo ba

Ɗan'uwa, ka tambaya ko takardar shaidar nutso da ka samu a teku ta ishe ka shiga kogon ƙarƙashin ƙasa da ruwa ya cika. A'a, ba ta isa ba, komai daɗewarka a harkar. Sai ka nemi horo na musamman wurin malamin da aikinsa ke nan, ku fara daga bakin kogo inda hasken rana ke kaiwa. Ko a kogon Tham Luang na Tailan a 2018, Saman Kunan, tsohon sojan ruwa ƙwararre, a can ya rasa ransa wajen aikin ceton wasu yara 'yan ƙwallo da ruwa ya tare a cikin kogon.

Dalili kuwa, a teku in abu ya ɓaci sai ka taso sama a hankali. A kogo dutse ne a bisa kanka, inda ka shigo nan ne mafita. Ni abin da ya fi tayar min da hankali shi ne laka. Za ka ga ruwa garau, amma bugun ƙafa ɗaya kusa da ƙasa sai ta turnuƙe, ga tocila a hannunka amma ko yatsunka ba ka gani. Shi ya sa ake jan igiya tun daga bakin kogo, a cikin duhu ita za ka lalubo har waje. Ana riƙe tocila uku, a kuma raba iskar numfashi da ke cikin tukunyar da ake goyawa a baya kashi uku: ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya na ko-ta-kwana don kai ko abokin nutsonka.