Tambaya da Amsa: Yadda Ake Cin Moriyar Zuwa Wurin Mai Tausa

Wasiƙun da suka iso mana a wannan karon sun taru ne a kan tausa, irin wadda ake yi don magani a hannun wanda ya koyi aikin. Ga waɗanda muka zaɓa.

Tambaya: Ni tela ne, a kan keke nake wuni. Wuyana da kafaɗata ta dama sun riƙe, wani lokaci ciwon har ya hau gefen kaina. Na kama lokaci na awa guda a wurin mai tausa, amma ban taɓa zuwa ba. Me zan shirya, me kuma zan faɗa masa?

Amsa: Malam, shirin jiki ba shi da yawa. Ka yi wanka, kada ka shafa mai ko turare mai ƙarfi, ka cire agogo da zobe. Kada ka cika ciki, domin za ka kwanta rub da ciki na tsawon lokaci. A samu awa ɗaya zuwa biyu tsakanin cin abinci da hawa gado. Ka zaga bayan gida kafin a fara. Ka isa da minti 10 ko 15 kafin lokacinka, don kada bayanin da za ka yi ya ci daga cikin awarka, kuma don numfashinka ya daidaita. Wanda ya shigo yana haki, tsokarsa ba ta saki da wuri.

Babban shirin yana bakinka. Kada ka tsaya a "jikina ne duk yake ciwo", domin wannan ba ya nuna wa mai tausa inda zai sa hannu. Ɗora yatsa ɗaya a daidai wurin da ya fi damunka. Faɗa masa tun yaushe ya fara, da abin da ke tayar da shi, da abin da ke lafar da shi. Kwatanta irin ciwon: nauyi ne, ko suka, ko zogi, ko kuwa ji kake kamar kiyashi na yawo har zuwa yatsu? Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, saboda yakan nuna cewa jijiyar saƙo ce aka danne, ba tsoka kaɗai ba, kuma aikin ya bambanta. Sannan ka nuna masa yadda kake zama a kan keke, yadda kake sunkuyar da kai da yadda kafaɗar dama ke ɗagawa idan kana jan yadi. Ka lissafa duk maganin da kake sha, da duk aikin tiyata ko karaya da ka taɓa yi.

Akwai wata faffaɗar tsoka da ta taso daga ƙeya ta sauko kan kafaɗa ta bazu zuwa tsakiyar baya. Sashenta na sama shi ke ɗaukar wahalar mai sunkuyo. Idan wani wuri a cikinta ya ƙulle, ciwon kan bi gefen wuya ya zagaya bayan kunne ya tsaya a gefen goshi. Saboda haka kada ka yi mamaki idan an danna saman kafaɗarka ka ji abin ya amsa a kai. Ka faɗa nan take, domin alama ce an samu wurin. Akan riƙe irin wannan ƙulli da babban yatsa na daƙiƙa 30 zuwa 90, har zafin ya fara sauka da kansa. Ƙila kuma ya nemi ya taɓa tsokar ƙirji ta kusa da kafaɗa, wadda ke gajarcewa ga masu sunkuyo ta riƙa jawo kafaɗa gaba.

Game da awa gudan nan, ra'ayinmu shi ne kada ka yarda a raba ta ga jiki gaba ɗaya. Idan aka bi ƙafafu da hannuwa da baya duka, wuyan da ya kawo ka zai tashi da minti 10 kacal. Ka ce a ba wuya da kafaɗa da saman baya minti 40, sauran a yi yadda aka ga dama.

Tambaya: Na ji ana cewa tausar da ba ta yi zafi ba ba ta yi aiki ba. Ni nakan cije haƙora in daure, sai in tashi da shatar jini a cinya. Haka ya kamata?

Amsa: Ba haka ya kamata ba, kuma wannan maganar ta cuci mutane da yawa. Idan zafi ya wuce ƙima, tsoka takan ƙanƙame kanta don ta kare wurin. Mai tausa yana dannawa, tsoka tana turjewa, shi kuma sai ya ƙara ƙarfi. A haka ƙananan hanyoyin jini da ke ƙarƙashin fata ke fashewa, shi ne shatar da kake gani.

Ga yadda ake aunawa. Ku yi yarjejeniya tun farko a kan ma'auni daga 1 zuwa 10, inda 10 take nufin zafin da ba ya jurewa. Aiki mai zurfi ya tsaya a wajen 6 ko 7, wato zafin nan mai daɗi da mutum ke ji yana cewa "nan ne, nan ne". Jiki ma yana faɗin gaskiya ko baki ya ƙi faɗa. Idan ka riƙe numfashi, ko ka dunƙule hannu, ko yatsun ƙafarka sun lanƙwashe, ko ka ɗaga kafaɗa zuwa kunne, an wuce gona da iri. Ka ce a rage. Babu rashin ladabi a ciki, kuma ƙwararre ya fi son ka faɗa, domin hannunsa yana jin taurin tsoka amma ba ya jin zafinka.

Zurfi daban, ƙarfi daban. Mai iya aiki yakan fara da doguwar shafa a hankali don a ɗumama wurin, ya koma murzawa da mulmulawa, sannan ya nutsa da gwiwar hannu ko dunƙulen hannu sannu a hankali, yana jiran tsokar ta ba shi hanya. Kai kuma ka taimake shi da numfashi: ja iska ta hanci, ka sake ta a hankali a daidai lokacin da yake nutsawa. Idan ka ji wani abu kamar wutar lantarki ya harba zuwa hannu ko ƙafa, a tsaya nan take, jijiya aka hau. Akwai wuraren da ba a yi musu danna mai ƙarfi ko kaɗan: gaban wuya inda manyan hanyoyin jini suke, bayan gwiwa, hammata, matsematsi, da kan ƙashin baya shi kansa.

Tambaya: Mahaifiyata tana da shekara 68, tana da hawan jini da ciwon suga, kuma likita ya ɗora ta a kan maganin tsinka jini. Kwana uku ke nan sharaɓarta ta hagu ta kumbura tana mata ciwo. Ina so in kai ta a tausa mata ƙafar. Ya halatta?

Amsa: Malama, don Allah kada kowa ya taɓa wannan ƙafar, ko ke kanki. A kai Mama asibiti yau. Kumburin sharaɓa ɗaya tak, tare da ciwo, musamman idan wurin ya yi ɗumi ko launinsa ya sauya, yana daga cikin alamun daskarewar jini a cikin babbar jijiyar ƙafa. Idan aka murza wurin, gudan jinin na iya ɓallewa ya bi jini ya toshe hanyar huhu, kuma wannan yana kisa cikin ɗan lokaci. Shan maganin tsinka jini yana rage haɗarin, amma bai kawar da shi ba. Idan ta fara haki ko ciwon ƙirji ko tari da jini, wannan na gaggawa ne.

Bayan likita ya duba ya ba da izini, tausa na iya yi mata amfani, amma da sharuɗɗa. Mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin, jininsa na saurin kwanciya a ƙarƙashin fata, don haka tausa mai laushi kawai za a yi mata. Ciwon suga idan ya daɗe yakan kashe jin tafin ƙafa, ta yadda za a danna ta da ƙarfi ko a ɗora mata abu mai zafi ba ta ji ba. A guji duwatsun zafi da tawul mai tururi a ƙafafunta, a kuma duba ko akwai gyambo tsakanin yatsu kafin a fara. Kada a murza wurin da aka yi mata allurar insulin ba da jimawa ba, saboda maganin zai shiga jini da sauri fiye da yadda aka tsara. A shekarunta kuma ƙashi kan yi rauni, kada a hau mata haƙarƙari da nauyin jiki. Idan jininta ya hau sosai a ranar, a ɗaga zuwa wata rana.

Sauran masu karatu ma su riƙe wannan: ba a zuwa tausa da zazzaɓi, ko da cutar fata mai yaɗuwa kamar makero, ba a kuma tausa kan ƙuna ko buɗaɗɗen rauni ko sabon ɗinki. Sabon targaɗe a bar shi ya huta awa 48 zuwa 72, domin murza shi yana ƙara kumburi.

Tambaya: Kunya ce ke hana ni zuwa. Dole ne sai na tuɓe?

Amsa: Ba dole ba ne. Ƙa'idar aikin ita ce mai tausa ya fita ki shirya, ki lulluɓe da mayafi ko babban tawul, shi kuma ya buɗe sashen da yake aiki a kai kaɗai, ya rufe kafin ya koma wani. Kina da ikon neman mace ta yi miki, kina da ikon cewa ga inda ba za a taɓa ba, kuma ana yin tausa mai kyau ta saman tufafi masu laushi, ko a zaune a kan kujera. Wanda ya ƙi mutunta iyakar da kika sa, ki tashi ki tafi.

Tambaya: Ina da juna biyu wata shida, kwankwasona ya matsa mini. Zan iya zuwa?

Amsa: Za ki iya, idan ungozoma ko likitanki bai ga wata matsala ba, kuma idan mai tausar ta koyi aikin masu juna biyu. Ba za ki kwanta rub da ciki ba. Rigingine ma ba a daɗewa a kai a wannan watan, domin nauyin mahaifa na danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya, sai jiri da tashin zuciya su biyo. Kwanciyar gefe ake yi, an fi son gefen hagu, da matashi ɗaya a ƙarƙashin kai, ɗaya tsakanin gwiwoyi, ɗaya kuma ki rungume. Ba a danna ciki, ba a kuma yi wa ƙafafu murza mai zurfi, saboda jinin mai juna biyu ya fi saurin daskarewa. Idan kina ganin jini, ko fuska da hannuwa sun kumbura farat ɗaya, ko ciwon kai mai tsanani ya zo tare da dishi-dishin gani, asibiti za ki nufa.

Tambaya: Washegarin tausa jikina ya yi tsami kamar wanda ya yi noma. An ce dattin jiki ne ke fita, in yi ta shan ruwa. Gaskiya ne?

Amsa: Tsamin gaskiya ne, bayanin ne ba daidai ba. Tsoka ce aka yi wa aikin da ba ta saba ba, kuma takan warware cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Tace dattin jini aikin hanta da ƙoda ne, hannu ba ya matso shi daga tsoka. Sha ruwa gwargwadon ƙishirwarka, ka yi wanka da ruwan ɗumi, ka yi ɗan tattaki, ka bar ɗaukar kaya masu nauyi sai gobe. Tsamin da ya wuce kwana uku yana nufin an yi maka da ƙarfi fiye da kima, ka faɗa a zuwa na gaba. Idan kuwa fitsari ya koma baƙi-baƙi tare da ciwon tsoka mai tsanani da kasala, ka ga likita a ranar. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma alama ce ta tsokar da ta ji rauni sosai, kuma yana iya taɓa ƙoda.

Idan an gama kuma kada ka zabura ka miƙe. Juya gefe, tura jikinka da hannu ka zauna, ka yi minti ɗaya ƙafafu na lilo kafin ka taka ƙasa. Jini kan ɗan sauka bayan doguwar kwanciya, shi ke kawo hajijiya.

Tambaya: Ni direba ne, ciwon ƙasan baya ya yi mini wata biyu. Bayan tausa nakan samu sauƙi na kwana uku, sai ya dawo. Sau nawa zan riƙa zuwa, kuma yaushe zan san ba ta yi mini ba?

Amsa: Abin da kake gani ya yi daidai da abin da bincike ya nuna. Nazarin da ƙungiyar Cochrane, mai tattara sakamakon binciken lafiya, ta fitar a 2015 ya gano cewa sauƙin da tausa ke kawowa ga ciwon ƙasan baya na gajeren lokaci ne. A 2017 kuma ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta sa tausa cikin abubuwan da za a fara gwadawa kafin magani ga ciwon bayan da bai wuce mako 12 ba. Tana aiki, amma ba ta sauya kujerar da kake wuni a kai.

Ka gwada sau ɗaya a mako har mako huɗu zuwa shida, a hannun mutum ɗaya, don ya san jikinka. Ka riƙa rubuta abu biyu: kwana nawa sauƙin ya yi, da kuma minti nawa kake iya zama kafin ciwon ya taso. Idan kwanakin na ƙaruwa, sai ka buɗe tazara zuwa mako biyu, daga nan zuwa wata. Idan bayan zuwa huɗu babu abin da ya motsa, kada ka ci gaba da zuba kuɗi, nemi likitan gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi ya auna ka.

Ka ce a haɗa da tsokokin ɗuwawu da na gaban ƙugu da bayan cinya, domin doguwar zama su take ɗaurewa, bayan kuma ya biya bashin. Idan kwanciya rub da ciki na ƙara maka ciwo, a sa maka siririn matashi a ƙarƙashin mara, wani kuma a ƙarƙashin idon sawu. A rigingine, matashin ya koma bayan gwiwoyi. Kwana ukun nan na sauƙi su ne lokacin motsa jiki: tafiyar minti 20 zuwa 30 a kullum, da miƙe-miƙen da mai tausa zai nuna maka. A hanya ka riƙa tsayawa duk bayan awa ɗaya ko biyu ka taka ƙasa, ka kuma fitar da walat daga aljihun baya kafin ka zauna.

Akwai alamun da ba na mai tausa ba ne. Idan ƙafa ta fara rauni ko tana jan ƙasa, ko matsematsi da tsakanin cinyoyi sun yi dindiris, ko fitsari da bayan gida sun ƙwace ko sun ƙi fita, ka tafi asibiti a wannan sa'ar. Ciwon bayan da ke tare da zazzaɓi, ko rama ba dalili, ko wanda ke tashinka daga barci kowane dare komai yadda ka kwanta, shi ma likita ne zai fara gani.