Yaya zan rubuta kan ramuwar gayya a Le Cid?

Ƙanwata, kin ce malaminku na lise (babbar sakandare) a nan Damagaram ya ba ku aiki kan makoki da ramuwar gayya a Le Cid, wasan kwaikwayon marubucin Faransa Corneille na 1637, kin rasa ta inda za ki kama.

Fara daga marin. Uban Chimène ya mari Don Diègue, tsoho ya kasa ramawa, sai ya ɗora wa ɗansa Rodrigue. Rodrigue ya kashe uban Chimène, yarinyar da yake so. Daga nan ki tsaya kan Chimène, don can naman aikin yake: tana kukan uba, tana roƙon sarki ya hukunta wanda ya kashe shi, zuciyarta kuma ba ta sake shi ba, tana jin laifin hakan. Wannan wuri yana taɓa ni ƙwarai. Duk wanda ya tashi a gidan da ake cewa "kada ka ba mu kunya" ya san nauyin. Iyaye suka ƙulla, ƴaƴa suka biya.

Kada ki cika takarda da maimaita labari, kada kuma ki yanke wa Rodrigue hukunci tun a gabatarwa. Kowace hujja ki haɗa ta da baiti daga littafin.

Ki kai wa malaminku tsarin aikin ya duba kafin ki fara rubutu, shi ya san abin da ake nema a jarabawar bak ta kammala lise.