Shin kirifto na rufa asirin ɗan kasuwa? Amsa ga mai tambaya daga Kasuwar Dole

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da kayan waya a Kasuwar Dole, nan Damagaram. Wanda nake sarin kaya wurinsa a Dubai ya ce in riƙa biyansa da USDT, wani kuɗin intanet na kirifto. Da na je buɗe asusu, sai manhajar ta nemi hoton katin ɗan ƙasana da na fuskata. To ba an ce kirifto sirri ba ne? Wani ya ce mini Bitcoin ya fi, wani ya ce Monero. Wanne ya fi rufa asiri? Kuma in na ba su katina, ina da ikon cewa su goge?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Wanda ya ce maka kirifto sirri ne, rabin magana ya faɗa maka. Tun da Bitcoin ya fara aiki a Janairun 2009, duk kuɗin da ya motsa ana rubuta shi a wani kundi da ake kira bulokcen, kuma kowa na iya karanta shi kyauta: adireshin da ya aika, wanda ya karɓa, nawa ne, yaushe. Ka ɗauka littafin bashi ne aka rataye a ƙofar kasuwa, sai dai a gurbin sunanka an sa lamba. Ranar da wani ya gane lambar taka ce, ya ga shigarka da fitarka tun daga shafin farko.

Gane ta kuwa ba wuya. Kamfanin da ka ba katinka ya riga ya haɗa fuskarka da adireshin. Wanda ka sayi USDT hannunsa ka biya shi ta Airtel Money ko Nita, ya ga sunanka da lambar wayarka, ya kuma san adireshin da ya tura wa. Wani ma shi da kansa yake liƙa adireshinsa a zauren WhatsApp na 'yan kasuwa, bai san ya buɗe wa jama'a lalitarsa ba.

USDT shi ma a fili yake, har da ƙari: kamfanin Tether da ke fitar da shi yana da ikon daskarar da kuɗin da ke kowane adireshi, kuma yana yi in hukumomi suka nema. Duk da haka, ga mai sarin kaya shi ya fi dacewa, don dalar Amurka yake bi. Bitcoin ya kai wajen dala 69,000 a Nuwamban 2021, shekara guda bayan nan ya faɗo wajen dala 16,000. Mai cin ribar caja da murfin waya ba ya ajiye jarinsa a kan irin wannan lilo. Sai dai ka tuna sefa da yuro aka ɗaure ta, sefa 655.957 kan yuro ɗaya, don haka farashin USDT a hannun dillali zai riƙa hawa da sauka.

Monero, wanda ya fito a 2014, shi ne mai rufa asiri na gaske: yana ɓoye mai aikawa da mai karɓa da adadin kuɗin. Wannan ɓoyewar ce kuma ta jawo masa baƙin jini wurin hukumomi, har Binance, babbar kasuwar canjin kirifto, ta cire shi daga kasuwarta a Fabrairun 2024. Samun mai canja maka shi da sefa a Zinder aiki ne, farashinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma mutuminka na Dubai bai ce shi yake so ba. A ganina ba naka ba ne.

Sai batun haƙƙi. Nijar tana da dokar kare bayanan mutum tun 2017, aka sake ta da doka mai lamba 2022-59 ta Disamban 2022, kuma hukumar HAPDP ce aka ɗora wa tsaronta. Kana da ikon tambayar wanda ke riƙe da bayananka me ya ajiye da dalilin ajiyewa, ka sa a gyara kuskure, ka ƙi a yi amfani da su wajen talla, ka nemi a goge. Ka yi shi a rubuce, da kwanan wata, ka riƙe kwafi. In aka yi biris da kai, kwafin nan za ka kai wa hukumar.

Amma kar ka ɗora wa dokar abin da ba ta iya ɗauka. Ƙa'idojin yaƙi da halatta kuɗin haram sun wajabta wa kamfanonin kuɗi ajiye takardun abokin hulɗa aƙalla shekara 5 bayan an rabu, ko da ka rufe asusu. Kamfanin da ba shi da ofis a Nijar, hannun hukumar Yamai ba ya kai masa da sauƙi. Abin da ya shiga bulokcen kuwa zanen dutse ne, babu alƙalin da zai sa a kankare shi. Inda dokar ke da haƙori shi ne nan gida, wurin dillali ko mai shagon da ya ɗauki hoton katinka ya bar shi cikin wayarsa. Saboda haka tanadin yana gaban bayarwa, ba a fafe gora ranar tafiya.

Katinka, cikin manhajar kamfanin kaɗai za ka saka shi. Dillalin da ya ce ka turo masa ta WhatsApp, ka ƙi, don da hoton nan ake buɗe asusu da sunan mutum a yi damfara. In dole ta sa ka ba da kwafi na takarda, ka rubuta a kansa wanda ka ba da ranar. Ka raba lalita biyu, ta biyan kaya da ta ajiya, kuma kar ka tura kuɗi kai tsaye tsakaninsu, in ka yi hakan, kundin zai nuna mai su ɗaya ne. Lambar tabbatarwa ka ɗaura ta a manhaja irin Google Authenticator maimakon saƙon tes, don ana iya sabunta layin mutum bai sani ba. Kalmomi 12 ko 24 da lalita ke ba ka ranar buɗewa, su ne kuɗin kansu: a takarda, a ɓoye, ba hoto. Ko manya ana yi musu kutse. A 2020 bayanan masu sayen na'urar Ledger ta ajiyar kirifto suka zube a intanet, har da adireshin gida da lambar waya na mutum wajen 270,000.

Ranar biyan farko, ka tambayi mutuminka na Dubai ta wace hanya zai karɓa, don USDT yana bin bulokcen daban-daban, kamar Tron da Ethereum da BNB Chain. Adireshin Tron da T yake farawa, na Ethereum da 0x, amma na BNB Chain ma da 0x yake farawa, nan ake yawan ɓata. A Tron kana buƙatar ɗan TRX, kuɗin Tron ɗin kansa, a lalita don kuɗin aikawa. Ka fara tura USDT 10, ya ce ya gani, sannan ka tura sauran. A wurin BCEAO, babban bankin da ke fitar da sefa, sefa ce kaɗai kuɗin doka, in saƙo ya tafi adireshin da ba shi ba, babu bankin da zai dawo maka da shi.