Amsoshin Tambayoyinku: Sayen Tsohon Tangaran a Gwanjo

Tambaya: Na ga wasu farantan tangaran guda shida, farare masu zanen shuɗi, a shagon wani mai sayar da kayan Beljiyam. Ya ce sun haura shekara ɗari, shi ya sa ya tsawwala musu kuɗi. Yaya zan yi in gane gaskiyarsa? Daga wata uwargida a Kano.

Amsa: Hajiya, kafin ki ce uffan a kan kuɗi, kife farantin ki duba gindinsa. Yawancin masana'antu suna buga hatiminsu a wurin, kuma hatimin ya fi bakin mai kaya faɗin gaskiya.

Fara da sunan ƙasa. A 1890 Amurka ta kafa dokar cewa duk hajar da za a shigar mata sai an rubuta ƙasar da aka yi ta, don haka daga 1891 masu yin tangaran na Ingila, waɗanda akasarinsu ke garin Stoke-on-Trent, suka riƙa sa "England" a hatiminsu. In kuwa "Made in England" kika gani, galibi aikin ƙarni na 20 ne. Kayan Japan da aka rubuta wa "Nippon" na tsakanin 1891 da 1921 ne, sai dai an sha buga wannan hatimi na jabu, don haka kada ki dogara da shi shi kaɗai. "Occupied Japan" na bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne, zuwa 1952. Akwai kuma ƙasashen da yanzu babu su, sunansu kaɗai ya isa ya yi miki iyaka: "West Germany" daga 1949 zuwa 1990, "Czechoslovakia" daga 1918 zuwa 1992. In kika ci karo da rubutun da ke cewa ana iya sa farantin a injin wanke kwanuka ko a na'urar ɗumama abinci, to zancen shekara ɗari ya ƙare, domin waɗannan na'urori ba su yaɗu a gidaje ba sai a rabin ƙarshe na ƙarnin jiya.

Wurin da aka fi yaudarar mutane shi ne shekarar da ke cikin hatimin. Mai kaya zai nuna miki 1759 ko 1883 ya ce ga shaida. Sau da yawa shekarar kafa kamfanin ce, ba ta yin farantin ba. A 1759 aka kafa Wedgwood, a 1883 aka kafa Johnson Brothers, alhali farantin da ke hannunki wataƙila bai girmi ɗiyarki ba. Rashin hatimi ma ba hujjar tsufa ba ne, tunda sababbin kaya masu araha takarda ake manna musu, wanki ɗaya ta fita.

Sannan ko da sun tsufa, tsufa daban, daraja daban. Irin wannan zanen shuɗi galibi bugawa ake yi, ba da hannu ake zana shi ba, kuma dubbai aka yi. Abin da ke ɗaga kuɗinsu shi ne saiti ya cika, babu ɓantara, babu tsagewa. In sun burge ki don jere, ki taya su a kuɗin kyawawan farantai, ba a kuɗin kayan tarihi ba.

Tambaya: Wata dillaliya ta sayar mini da wani tsohon kwanon tangaran mai zanen furanni ja da ruwan goro. Cikinsa akwai ƙananan tsage-tsage kamar saƙar gizo. Zan iya zuba wa yara abinci a ciki? Daga wata 'yar'uwa a Maraɗi.

Amsa: A'a, 'yar'uwa, kada ki zuba. Waɗannan tsage-tsagen a jikin rufin ƙyallin suke, kuma mai da romo suna shiga cikinsu su zauna inda soso ba ya kaiwa. Abin da ya fi damuna ma shi ne dalma. A da ana yawan sa ta a cikin ƙyallin tangaran da launukansa, musamman masu haske irin na kwanonki, kuma sai a 1971 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fara iyakance yawan dalmar da za ta iya fita daga kwano ta shiga abinci. Abu mai tsami, irin su miyar tumatir da zoɓo da kunun tsamiya, shi ya fi janyo ta, kuma ta fi cutar da ƙwaƙwalwar yara, haka ma jaririn da ke ciki. Shafa zanen da yatsa: in kin ji ya ɗan taso, ko kin ga ya fara gogewa, to a saman ƙyallin aka ɗora shi, kuma irinsa ya fi saurin sakin guba. Ki wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu, ki sa shi a kabat ya ƙawata miki ɗaki.

Tambaya: Ina son in riƙa saye ina sayarwa. Wane gwaji zan iya yi a tsaye cikin kasuwa? Daga wani matashi a Kaduna.

Amsa: Malam, ɗora farantin a kan yatsunka ka ɗan ƙwanƙwasa bakinsa da farce. Lafiyayye zai yi ƙara mai tsawo, mai ɓoyayyar tsagewa kuma sai ka ji sautin ya mutu nan take. Bi gefensa da yatsa, za ka ji inda aka liƙe da gam. Ɗaga shi wajen rana ka sa hannu a bayansa: in ka ga inuwar yatsunka, mai kyau ne, wataƙila irin wanda ake haɗa yumɓunsa da tokar ƙashin shanu. Ka kuma lura, fararen farantan Arcopal na Faransa da na Corelle gilashi ne, ba tangaran ba, duk da cewa a tebur ɗaya ake jera su. Ɗauki hoton hatimin da wayarka, ka nemi sunan kamfanin da na zanen a intanet tukuna, sannan ka taya.