Yadda Mutanen Da Suke Bin Sawun Zinariya a Rafi

Assalamu alaikum ɗana. Saƙonka ya iso, Allah ya yi maka albarka. Ka tambaye ni yadda mutanen da suke gano zinariya a rafi alhali ba su da na'ura, har ka ce ko dai sa'a ce kawai da tsafe-tsafe. A'a, ilimi ne, kuma tushensa ɗaya: nauyi.

Mazubin da zai ɗauki ruwa kilo 1, in ka cika shi da zinariya sai ya haura kilo 19. Yashi kuwa ko kilo 3 ba zai kai ba. Don haka in ambaliya ta kwaso ƙasa daga tsauni, da zarar ruwa ya rage gudu zinariya ce ke fara zama. Mai nema ba ya tono barkatai. Tsayawa yake ya karanta rafin, ya duba inda ruwa ya kai lokacin da ya cika. Sai ya nufi cikin kwana inda tsakuwa ta taru, ko bayan babban dutse, ko tsagar da ta gitta wa ruwa hanya. A can ma ba ya tsayawa a sama, sai ya haƙa har ya taɓo dutsen ƙasa ko laka mai tauri, domin nan ne zinariyar ta kasa wucewa.

Sai wanki, kuma a nan ake gane gwani. Ya ɗebi ƙasar a ƙwarya ko akushi, ya nutsa cikin ruwa, ya murtsuke lakar da yatsu, ya tsince tsakuwa. Ya girgiza domin mai nauyi ya sauka, sannan ya ɗan karkata bakin ƙwaryar, ruwa na lasar yashin sama yana tafiya da shi, kamar yadda ake rege tsakuwa daga hatsi. A ƙarshe baƙin yashi ne zai rage a gindi, shi ma mai nauyi ne, shi ya sa ganinsa ke ƙarfafa gwiwa. Ya zuba ɗan ruwa ya juya sau ɗaya a hankali, baƙin ya ja baya, sai ga ɗige-ɗige rawaya a gefe. Mai gaggawa a daidai nan yake zubar da rabonsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne bin sawu. Yana wankewa yana haurawa sama, yana ƙirga ƙwayoyin kowace ƙwarya. In suka ƙaru, yana kan hanya. In suka ɗauke ɗif, ya wuce mashigarta, sai ya dawo ya bi ƙoramar gefe ko gangaren tudu. Siffar ƙwayar ma magana take: mai sulɓi da faɗi ta sha tafiya, mai kaushi da farin dutse manne a jikinta ba ta yi nisa da jijiyarta ba, wato dutsen da ta fito daga cikinsa. Akwai wani dutse mai ƙyalli da ke ruɗar sabon shiga, amma in ka buga shi da guduma sai ya farfashe, zinariya kuwa baje take yi.

Wannan hikima ba ta al'umma ɗaya ba ce. Zinariyar yankunan Bambuk da Bure na Afirka ta Yamma, wadda ta ɗaga daular Mali har Mansa Musa ya girgiza Masar da ita a 1324, yawancinta irin wannan ce. A tsaunukan ƙasar Jojiya fatar tunkiya suke shimfiɗawa cikin ruwa, gashin ya kama ƙwayoyin. Rububin zinariya na Kalifoniya a Amurka ma daga 'yan ƙwayoyin da James Marshall ya tsinta a bakin kogi a 1848 ya faro.

In har za ka gwada, ɗana, roƙona gare ka ka nisanci zaiba. Masu ƙona ta don ware zinariya hayaƙinta suke shaƙa, yana lalata ƙwaƙwalwa da ƙoda, ragowarta kuma ta bi ruwa ta shiga jikin kifi. Illarta ce ta sa ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar Minamata ta taƙaita amfani da zaiba a 2013. Kuma duk ramin da ka haƙa ka cike shi kafin ka tashi, saboda yara da dabbobi.